Mai Jegon Tsibirin Janwuya

A tsakiyar wani ruwa da babu shi a taswirar kowa, akwai tsibirin da ƙwai ke waƙa kafin a ƙyanƙyashe su. Na taka shi da ƙafata, na ji waƙar da kunnena. Kuma kamar yadda na saba a duk inda na je a rayuwata, na isa ne ana shirin watsewa.

Sunana Nomau. Maganin ɓera da tarko nake sayarwa a tashar mota, da 'yar lasifika rataye a wuya. Ba zan ce maganina ba ya aiki ba. Matata dai ta ce duk unguwarmu ɓerayen gidanmu ne kaɗai ke da tumbi. Amma wajen baki kam ba a fi ni ba. Kullum abin da nake rerawa shi ne, "Ɓera, jaɓa, gafiya, ko na gidan aljanu ne, a kira Nomau!" Har furfura ta fito mini ina faɗin haka, ban taɓa kawowa a raina akwai mai saurare ba.

Wata rana da hantsi ina cikin wannan ihu, sai wani dogon mutum mai baƙin rawani ya tsaya a gabana. Na dubi ƙasa don in ga irin takalminsa, domin ta nan nake gane mai saye da mai tambaya. Sai na ga inuwarsa ta faɗi ta wajen da rana take.

Ya ce, "Ya kai ɗan Adam, kai ne mai cewa ko na gidan aljanu ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai talla ce."

Ya ce, "Mu a wurinmu babu talla, sai magana. Ni ne Zangina, jakadan Sarki Marmaro na Tsibirin Janwuya. An ji kiranka, an kuma amsa. Ɗauki kayanka."

Na waiwaya ko wani cikin 'yan kamasho zai cece ni, na ga kowa ya sandare. Mai shayi ya ɗaga buta, shayin na tsaye a iska bai kai kofi ba. Na ɗauki jakata.

Bayan tasha akwai wata kwata da nake tsallakewa kullum ina toshe hanci. Zangina ya ajiye ƙwarya a kanta ya ce in shiga. Kafin in ce ba za ta ɗauke ni ba, ƙwarya ta zama jirgi, kwata ta zama kogi, tasha ta ɓace.

Da farko muka shiga wani baƙin ruwa mai sanyi, inda hannuwa ke fitowa suna riƙe gefen jirgi, muryoyi na kirana da sunan da mahaifiyata kaɗai ta san ni da shi. Zangina ya ce in na amsa, shi kaɗai zai ƙarasa tafiyar. Na cusa hulata a baki. Daga nan muka isa inda ruwan ya koma sama ya zama rufi, mu muna tuƙi a kan busasshen yashi, kifaye na leƙo mu ta bisa kamar maƙwabta ta katanga. Sai kuma wasu duwatsu biyu masu numfashi, in sun ja iska su matso, in sun saki su ja baya. Muka ratsa ta tsakaninsu suna saki, amma rabin bayan rigata a can ya tsaya.

A ƙofa ta ƙarshe wani tsohon kada mai furfura ya tare mu. Ya ce, "Ƙarfe ba ya shiga, guba ba ta shiga." Ya zazzage jakata, ya haɗiye tarkunan, ya bi su da ƙullin maganin duka. Na tsaya ina jiran ya wuntsila matacce, sai ya yi gyatsa kawai. Lasifikar ma ya karɓe, ya ce ita ta fi duka cutarwa.

Na ce, "Baba, in haka kake bincike, shi abin da aka kira ni dominsa ta ina ya shiga?"

Ya ce, "A cikin kwandon tsaraba. Ba a buɗe tsaraba a ƙofa, ɗan Adam. Mu ba marasa kunya ba ne."

Tsibirin fari ne fat, yashinsa kamar gishiri, itatuwansa gajeru masu shuɗin ganye. Ban taɓa ganin masu ladabi irin aljanun wurin ba. In biyu suka haɗu a hanya, gaisuwa takan kai su har rana ta karkata. Aka kai ni gaban Sarki Marmaro, yana zaune a bayan wani ƙaton kunkuru, gemunsa ruwa ne mai zuba amma bai jiƙa masa riga. Aka ba ni ruwa a ƙoƙo na sha, fada duka ta ce, "Ya zama baƙo."

Sarki ya ce, "Ka ji damuwarmu, ya baƙonmu. A zamanin baya jirgin wani falke daga jinsinku ya kife a gaɓarmu. Muka yi jinyarsa, muka mai da shi gida. Da yake ɗan halak ne, ya dawo mana da tsaraba, bushiya biyu, mace da namiji, domin ya ga kunamu sun dame mu a lambu. Suka cinye kunamun, muka gode. Suka cinye 'yan ƙadangarun lambun, muka kau da kai. Suka hayayyafa, suka gangara bakin ruwa, inda tsuntsayenmu janwuya ke ƙwai a ƙasa."

Na ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ai bushiya ba ta da wahala. Sanda ɗaya ta isa."

Wani dattijo a baya ya suma.

Sarki ya ce, "Duk abin da ya sha ruwan tsibirin nan baƙo ne. Baƙo ba ma dukansa, ba ma korarsa, ba ma tambayarsa yaushe zai tafi. Ka ga duwatsun can da ke jere a gaɓa? Waɗanda suka ɗaga wa baƙo hannu ne. Amma masananmu sun duba, sun ga baƙo yana iya neman ɗan'uwansa baƙo ya raka shi hanya. Kai baƙo ne, su baƙi ne. Ka nemi rakiyarsu ɗaya bayan ɗaya, ka tafi mana da su."

Na dubi duwatsun. Wani cikinsu har yanzu hannunsa na sama.

Aka haɗa ni da Iya Ayashe, wata tsohuwar aljana da ba ta fi tsayin turmi ba. Ita ke kula da janwuya, ita ce kuma ungozomar tsibirin. Ita kaɗai na gani a wurin ba ta da lokacin gaisuwa.

Ta ce, "Kai ne gwanin?"

Na ce, "Haka lasifika ta ce, Iya."

Ta ce, "To biyo ni, ɗan nan."

Muka gangara bakin ruwa. Iyakar ganin ido ramuka ne ƙanana a yashi, kowanne da fasasshen ɓawon ƙwai a ciki. Iya ta ce, "A da, in za ka ɗibi ruwa a nan sai ka ce musu gafara. Lokacin ƙyanƙyasa ba ma jin kiran juna saboda waƙa."

A ƙarshen gaɓa, gindin wata 'yar bishiya, muka sami tsuntsaye biyu, girman zabo, masu launin toka da jan wuya, fukafukansu gajeru ba na tashi ba. Namijin na tsaye, macen na kwance. Da na matso, macen ta ɗago ta dube ni, ta miƙe ta koma gefe, ta ba ni wuri.

Iya ta ce, "Ka gani? Haka take yi wa bushiya. Tun da aka halicce su ba su taɓa ganin abin gudu ba. Ta ɗauka duk mai zuwa, ganin ƙwai ya zo yi. Sa kunnenka, amma kada ka taɓa."

Ƙwai uku ne, shuɗaye. Na durƙusa. Sai na ji wata siririyar murya kamar sarewa daga ƙetaren kogi, ta biyu ta ɗauka, ta uku ta biyo su a makare. Ni da nake sayar da mutuwa ƙulli-ƙulli, sai ga ni a gwiwa ina share ido da hannun riga.

Na ce, "Su ke nan?"

Ta ce, "Su ke nan. Macen ta tsufa, ba za ta sake yi ba. In waɗannan suka fito, akwai janwuya. In ba su fito ba, sai dai sunan tsibiri."

Na ce a ɗauke su a kai ɗaki. Ta ce in hannu ya taɓa su, uwar ba ta sake hawa. Na ce a yi shinge. Ta ce Sarki ya ce ba a yi wa baƙo shinge. Na ce to yaya aka yi waɗannan suka kai yau?

Ta ce, "Da gaisuwa nake tare su. In bushiya ta nufo, sai in zauna a gabanta, ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara, har ta gaji ta juya. Shi ya sa ba ni da sauran gaisuwar da zan ba ka."

Tun da babu ƙarfe babu guba, sai na sa aka kawo mini tukwanen ƙasa masu zurfi. Na binne su har baki a hanyoyin da bushiyoyin suke bi, na zuba ruɓaɓɓen kifi a ciki. Da safe in zagaya, in tarar da su a ciki sun kasa hawowa. Amma ba a ɗauka kai tsaye. Sai Zangina ya tsaya a matsayin shaida, ni kuma in durƙusa a bakin tukunya, ƙato da ni da furfura, in ce, "Ya ke baƙuwa, ni ɗan'uwanki baƙo zan koma gida, za ki raka ni?" Bushiya in ta ji murya sai ta dunƙule ta sa kai ƙasa. Zangina ya ce, "Ta sunkuyar da kai, ta amince." Sannan in saka ta a kwando. Tafukana suka zama kamar rariya. Wata rana wata ta ƙi dunƙulewa, ta tsaya tana kallona, sai da na yi ta lallashinta har la'asar.

Kwanduna suka cika, tukwane suka fara kwana babu kowa. Waƙar ƙwai kuwa kullum ƙara ƙarfi take, har daga nesa ana ji. Iya ta ce sun kusa. Ran nan har ta ce mini ina gajiya.

Sawu ɗaya ne ya rage, wanda ke zagaye tukwanena yana wucewa. Na bi shi da safe, Zangina na biye da ni, har wani rami a saiwar bishiya, jifa ɗaya daga sheƙar janwuya. Na ɗaga busasshen ganye. Ga bushiyar nan, ramammiya, da wasu jajayen abubuwa huɗu manne a cikinta, ƙayarsu ko tauri ba ta yi ba.

Bakin nan nawa na tasha ya riga hankalina. Na ce, "Zangina, ga ta ƙarshen! Har da 'ya'ya, yau ta haihu!"

Zangina ya leƙa, ya gyara rawani, ya ce, "Barka."

Kafin azahar fada duka ta taru a bakin ramin. Sarki ya ce, "Mai jego ba ta ƙetare ruwa sai ta yi arba'in. Haka muka gada."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kafin ta yi arba'in ta cinye ƙwan nan. Mai shayarwa ta fi kowa yunwa. A bar ni in sa ta a kwando da 'ya'yanta, in shimfiɗa musu auduga, ko a kaina zan ɗauke su."

Sarki ya ce, "A garinku ana ɗora mai jego a jirgi da ɗanyen jiki?"

Na ce, "A garinmu mai jego ba ta cin 'ya'yan maƙwabta."

Iya Ayashe ta zube gabansa. Ta ce, "Marmaro, ni na yanke maka cibiya. Ban taɓa roƙonka komai ba. Sau ɗaya tak ka kau da ido."

Gemun Sarki ya tsaya da zuba na ɗan lokaci. Ya ce, "Iya, da ba a gani ba, da na kau. An gani, an faɗa a gaban shaida. In na tsallake wannan, gobe wace doka za ta hana a kori ɗan Adam ɗin nan, ko a kore ki? Za a yi mata wanka, ke za ki yi. Za a yi wa 'ya'yanta suna. Waɗancan na cikin kwando ba wanda ya ga haihuwarsu, ba a raɗa musu suna ba, shi ya sa suka zauna baƙi. Wanda aka raɗa wa suna a tsibirin nan ya zama ɗan gida."

Na dubi ramin, na dubi wani dutse daidai hannu da ke kusa da ƙafata, na dubi duwatsun gaɓa. Ina da iyali. Na sa hannuna a aljihu.

Ni da Iya muka raba tsaro. In tana wajen wanka, ni ina gaban sheƙa. Mai jego ta fito sau da yawa, hancinta na rawa, na tare ta da ina kwana da ina ruwan zafi da yaya jarirai. Na ajiye mata kifi tuli, ta ci, ta ɗago tana shinshina wajen waƙar. A daren suna wani ɗan tsagi ya bayyana a jikin ƙwai na farko. Iya ta ce gobe kafin rana ta take za su fito.

Da sassafe Zangina ya zo ya ce ana jiranmu. Iya ita za ta miƙa jarirai, ni zan karɓa.

Na ce, "Ni kuma a wa?"

Ya ce, "Daga ƙasarku uwar ta fito. Kai kaɗai ne danginta a nan. Kai ne kawu."

Na ce ba inda za ni. Ya ce wanda ya ƙi zuwa sunan ɗan gida ya ɗaga masa hannu ke nan. Na ce to a sa wani a sheƙa. Ya ce duk mai hankali a tsibirin yana wurin suna, haka aka gada. Iya ta daɗe tana kallon ƙwan, ta ce, "Mu je mu yi sauri, ɗan nan."

Aljanun nan ba su san sauri ba. Aka fito da jarirai daga rami aka kai dandali, aka bar mai jego a ɗaki ta huta, kamar yadda ake yi. Aka gaisa, aka sake gaisawa. Aka raba goro. Aka ɗora mini su huɗu a tafin hannu, maza biyu mata biyu, aka yi ta jawabi a kan tarihin karɓar baƙi. Duk wannan ina jiyo waƙar daga gaɓa, muryoyi uku, ta ukun a makare kamar kullum.

Sarki ya raɗa wa na farko suna, murya ta zama biyu. Iya ta ɗago kai. Ba a tashi a tsakiyar addu'a. Ya raɗa wa ta biyu da ta uku. Ya zo kan na ƙarshe, ya ce, "Wannan kuwa, don girmama baƙonmu da ya wahala dominmu, sunansa Nomau." Fada ta ɗauki shewa. Da shewar ta lafa, babu abin da ake ji daga gaɓa sai ruwa.

Na dire su na ruga. Iya ta riga ni isa. Macen janwuya na tsaye a gefe, ta ba da wuri. Mai jego na tsakiyar sheƙa, bakinta ya jiƙe, tana taunar wani ɗan fiffike. Da ta gama ta lashe hanci ta wuce ta tsakaninmu ta koma raminta. Macen ta jira ta yi nisa, sannan ta dawo ta gyara ɓawon da bakinta, ta hau ta kwanta.

Sarki ya iso da fadawa. Ya yi ta'aziyya mai kyau, ban taɓa jin irinta ba, ta kai har azahar. Ya ce kada in damu, in ta yi arba'in za a sami wani baƙon ya nemi rakiyarta. 'Ya'yan dai 'yan gida ne. Ya gode mini, ya ce na cika maganata.

Aka loda mini kwanduna a jirgi. Iya Ayashe ta rako ni bakin ruwa. Na buɗe baki in ba ta haƙuri, na ga duk kalmomin da na sani na talla ne.

Na ce, "Iya, yanzu me za ki yi?"

Ta ce, "Me zan yi? Macen za ta kwanta a kan ɓawon nan har ta mutu, namijin ya bi ta. Zan zauna da su." Ta dubi rana. "Je ka, ɗan nan, Allah ya kai ka lafiya. Na bar ruwa a wuta."

Na ce, "Ruwan me?"

Ta ce, "Na wankan mai jego. Ba a bari ya huce."

Zangina ya tura jirgi. Ina kallonta tana hawa tudu, 'yar ƙarama, ta bi ta gaban sheƙa. Macen ta ji tafiya, ta miƙe ta koma gefe.